Kowa na tambayar ko jirgin zai tashi, ba mai tambayar birkinsa

Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya karaɗe TikTok da Facebook: matashi ya ƙera jirgin sama a bayan gidansu, farfela na juyawa, yara na ihu, ƙura na tashi. Nan take jama'a su rabu biyu, masu cewa gwamnati ta duba yaron nan, da masu cewa to ya tashi mu gani mana. Ni dai ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda abin zai tsaya ba idan ya ɗauki gudu.

Kano ba baƙuwar wannan labari ba ce. A 2007 duniya ta ji sunan Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ɗan shekara 24, wanda ya shafe wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu. Injin Honda Civic ya saka masa, kujerun daga tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga ɓaraguzan wani Boeing 747 da ya yi haɗari kusa da Kano. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, irin jirgin nan da mutum ke haɗawa a garejinsa ya taɓa zama jirgin koyon tuƙi na sojan saman Najeriya. Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke Amurka. A can, kamfanin kan aiko maka da sassan cikin akwatuna, kai ka zauna ka haɗa abinka. To a wannan jirgin ne za ka gane birki ba kayan ado ba ne. Tayarsa ta gaba sake take, tana juyawa yadda ta ga dama kamar tayar keken tura kaya na babban kanti. Idan jirgin na tafiya a hankali a ƙasa, da birki ake karkata shi: ka taka na dama ya yi dama, ka taka na hagu ya yi hagu. Birkin gefe ɗaya ya mutu, ka rasa birki ka kuma rasa sitiyari a lokaci guda.

Kuma sau da yawa mutuwar daga wani ɗan abu take farawa, wanda bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir girma ba: kofin man birki. Galibi ana ɗaure shi ne a jikin bangon ƙarfen da ya raba injin da ɗakin matuƙi, man ya riƙa gangarowa ta siririn tiyo zuwa masta da ke jikin feda. Babu matsi a cikin kofin, shi ya sa yoyonsa ba ya feshi, ɗiga kawai yake, yau ɗigo ɗaya gobe biyu. Mai shi ya goge da tsumma ya ce ai ba komai. Ranar da man ya sauka ƙasa da bakin tiyon, iska ta shiga layi, ka taka feda ka ji ta kamar ka taka soso.

Kafin a ɗauki sifana, a fara wanke wurin tas, a busar, a naɗa farar takarda a kowace mahaɗa, a bar shi ya kwana. Man jirgi ja ne, da safe shi zai nuna maka inda ya fito. Wani lokacin ma ba abin da ya lalace. Murfin kofin yana da 'yar ƙofar shan iska, idan aka cika shi maƙil, zafi ya buɗa man, sai ya yi ambaliya ta nan. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba abin mamaki ba ne. Maganin shi ne a rage man a bar masa sarari, ba a toshe ƙofar ba.

Idan kuwa daga gindin kofin ne, wurin da ake ɗaura mahaɗar tiyo, nan hannun 'yan gareji ke yin ɓarna. Haƙoran wannan mahaɗa a tsuke suke, suna ƙara matsewa yayin da ake ɗaurawa. Ɗabi'armu kuwa idan abu na yoyo sai a ƙara masa ƙarfi. Alminiyom ba ya ɗaukar wannan wasa, rabin juyi ɗaya ya isa ya tsaga shi, yoyon ɗigo ya koma na zuba. Haka farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, masu ƙera jirage da dama na gudunsa a layin birki, domin ɓurɓushinsa kan yanke ya bi mai ya je ya maƙale a cikin masta. Abin da ake yi shi ne a kwance, a wanke haƙoran, a shafa man liƙi na musamman da man birki ba ya narkarwa, a bar haƙori na farko ba shafi, a ɗaura daidai wa daida. Idan ana zargin waldar kofin ce ta yi ƙofa, dabarar mai faci ta wadatar: a toshe bakunan, a hura masa iska kaɗan, a tsoma a ruwa a nemi kumfa.

Babban tarkon dai shi ne man kansa. Man birkin mota da babur, wanda ake rubuta wa DOT 3 ko DOT 4, daban yake da na ƙananan jirage, MIL-H-5606, wanda daga ɗanyen mai ake tace shi. Kowanne da irin robar da aka yi dominsa. Ka zuba na jirgi a mastan mota, robobin su kumbura. Ka zuba na mota a mastan jirgi, ya cinye nasa. Wato roba ce ke zaɓen mai, ba kai ba. Wanda ya ciro birkin babur daga Kofar Ruwa ya ɗaura wa jirginsa, to man babur zai zuba, kuma ya sani man yana cin fenti yana shan danshin iska. Shi kuma jan man jirgin aibinsa wuta: tun daga wajen digiri 82 tururinsa kan iya kamawa, ga shi kofin na maƙwabtaka da salansa. Shi ya sa wasu suka koma MIL-PRF-83282, wanda sai ya haura digiri 200. Zancen ruwan Omo da ake cewa wasu na ɗura wa birkin mota idan mai ya ƙare a hanya kuwa, wallahi ko a Keke Napep ganganci ne.

A nan nake ganin Sharada ta fi ƙarfin yadda muke kallonta. Mun saba ɗaukarta, ita da Challawa da Bompai, a matsayin unguwar masana'antun da rashin wuta ya durƙusar da da yawansu. Amma har yanzu akwai masu walda, da masu injin sassaka ƙarfe, da masu narka roba. Ƙera kofin alminiyom mai murfi da mahaɗa ba zai gagari waɗannan hannaye ba. Abin da ido da gwaninta ba sa iya yi shi ne gane irin roba. Zoben roba biyu baƙaƙe, girmansu ɗaya, ɗaya zai yi shekaru a cikin mai, ɗayan ya lalace cikin kwanaki. Sai da lamba a jikin leda ake rabe su, mu kuwa a kasuwa tsohon muke miƙawa mu ce a ba mu irinsa.

Bayan an gama gyara saura fitar da iska. A ƙananan jirage an fi turo man daga ƙasa, ta ɗan noti na jikin kalifa, ya hau sama har kofi yana koro kumfa, tunda iska dama sama take nema. A taka kowace feda a riƙe ta. Idan tana nutsewa a hankali, aiki bai ƙare ba. Idan mai ya taɓa fatar birki, ba wanki, sai canji.

A Amurka doka ta yarda mutum ya tashi da jirgin da ya haɗa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Amma sai jami'i ya zo ya duba shi, sannan ya yi gwaji a keɓaɓɓen yanki, galibi na awa 25 ko 40, kafin ya ɗauki fasinja. A nan hukumar NCAA ce ke da hurumin cewa jirgi ya cancanci tashi, kwalejin NCAT ta Zariya kuma, wadda aka kafa a 1964, tana horar da masu tuƙi da masu gyaran jirage. Daga Sharada zuwa ƙofarta tafiyar awa biyu ce da 'yan kai a mota.