Ko Kun Sani?

Likita na iya ƙiyasta yiwuwar mutum ya kamu da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki nan da shekara 10, kuma asalin wannan lissafi daga wani ƙaramin gari ne na Amurka mai suna Framingham, a jihar Massachusetts. A 1948 masana suka fara bin lafiyar mazauna garin 5,209, suna auna su duk bayan shekara biyu. A 1971 'ya'yansu suka shiga, a 2002 jikoki suka biyo baya.

Daga nan aka tabbatar cewa hawan jini, shan taba, ciwon suga da yawan kitse a jini su ne manyan masu share wa cutar hanya. Kafin lokacin, likitoci da dama na ɗaukar hawan jini abin da tsufa ke zuwa da shi kawai. Yau ana haɗa waɗannan da shekarun mutum da jinsinsa a fitar da kaso cikin ɗari.

Sai dai kusan duk mutanen farko na binciken Turawa ne, don haka awon ba ya dacewa da kowa daidai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali na yankuna 21, har da Afirka ta Yamma, ciki akwai wanda ba ya buƙatar gwajin jini. Idan kun haura 40, ku je a auna muku jini.