Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki A Gida

Ran da likita ya sallami mai shanyewar ɓarin jiki, iyalinsa sukan yi murna, suna tsammani wahala ta ƙare. Ashe a ranar ce babban aikin yake somawa. Asibiti ya ceci ransa, amma ko zai sake takawa da ƙafarsa, ko zai sake kai loma bakinsa da kansa, wannan ya dogara ƙwarai ga irin jinyar da zai samu a gida.

Waɗansu sukan ce iska ce ta buge shi, ko kuwa sammu aka yi masa. Gaskiyar ita ce, ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Wata jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, sai wurin da take ciyarwa ya lalace. Sashen hagu na ƙwaƙwalwa shi yake mulkin dama na jiki, ga yawancin mutane kuma a can magana take. Shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa harshensa yakan sarƙe. Babban abin da yake jawo ciwon shi ne hawan jini. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna, cikin masu shekara 25 zuwa sama a duniya, mutum ɗaya cikin huɗu zai gamu da shi kafin ƙarshen ransa.

Amma kada zuciya ta karai. Sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira suna iya koyon aikin sashen da ya lalace, in ana maimaita musu kullum. Yawancin ƙarfin da yake komowa, cikin wata 3 zuwa 6 na fari yake komowa. Wanda aka bar shi kwance a ƙuryar ɗaki cikin waɗannan watanni, an yi masa babbar hasara.

Kai jinya har gida tsohon abu ne. A 1859 wani attajirin Libaful a Ingila, William Rathbone, ya ga yadda wata nas, Mary Robinson, ta yi jinyar matarsa a gida. Bayan rasuwar matar, sai ya ɗauki nas ɗin aiki, tana bi gida gida tana duba matalauta. Daga nan wannan aiki ya bazu. A Nijeriya kuwa an soma aikin gashi, wato koya wa gaɓoɓi motsi, a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, Jami'ar Ibadan kuma ta soma ba da digiri a kansa a 1966. Duk da haka likitocin gashi ba su wadata ba, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Saboda haka tilas iyali su koyi aikin da hannunsu. Kada ku bar asibiti sai mutum biyu daga gidanku sun tsaya an nuna musu, sun kuma gwada a gaban nas.

Abin da nas za ta koya muku

Na fari, juyawa. Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi kowace awa 2, dare da rana. In ba haka ba, fatar ƙugu da ta duwawu da ta diddige za ta mutu, gyambo ya fito, mai wuyar warkewa. A riƙa duba waɗannan wurare kowace safiya. Shimfiɗa ta kasance a bushe, ba ƙundumi ko ɓarɓashin abinci. In an ga fata ta yi ja ko ta yi duhu, a ɗauke nauyi daga wurin, a kira nas.

Na biyu, ciyarwa. Ciwon yakan raunana maƙogwaro. Kada a ɗura masa kunu yana kwance, gama abincin yana iya bin hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu, wanda yake kashe majinyata da yawa. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan kaɗan da cokali, ya kuma zauna kamar rabin awa bayan ya gama. In yana ƙwarewa ko tari wajen ci, a gaya wa likita.

Na uku, magani. Hawan jini ba ya nuna alama, saboda haka kada a daina ƙwayoyin don an ga sauƙi. A riƙa auna jinin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali guda, har da wanda yake cikin dunƙulen miya.

Abin da likitan gashi zai koya muku

Kowace rana a riƙa lanƙwasa gaɓoɓin da suka shanye ana miƙe su a hankali, daga yatsu har kafaɗa, don kada su sandare. Faufau kada a ja shi ta hannun da ya mutu sa'ad da za a tashe shi, gama kafaɗar tana iya gocewa. A tokare hannun da matashi. Kada a gasa shi da ruwa mai zafi ƙwarai, ko a yi masa tsaga, domin wurin da ba ya ji yana iya ƙonewa bai sani ba.

Daga nan sai zama a bakin gado, sai tsayawa, sai taku ɗaya, sai biyu. Ana iya kafa gora biyu a tsakar gida ya riƙa dafawa. Abin da zai iya yi da kansa, ku bar shi ya yi, ko da zai ɓata lokaci, ko da miya za ta zube. Tausayin da ya hana shi motsi cuta ce. Ku riƙa yi masa magana kamar babba, ku jira amsarsa, gama sau da yawa hankalinsa yana nan sarai ko da bakin ya ƙi.

Ku tuna da mai jinya

Yawanci mace ɗaya akan bar wa dukan aikin, har ita ma ta kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'ya maza su karɓi ɗagawa da juyawar dare, maƙwabta da matan zumunta kuma in sun zo gaisuwa su zauna awa guda domin ta huta.

A ƙarshe, ciwon yana iya komowa. In kun ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice farat ɗaya, ku kai shi asibiti nan da nan. Kada ku jira gari ya waye.