Jan Gari a Hoto: Daga Sahara Zuwa Tsohuwar Fadama

Da wuya a shiga gidajenmu na Nima ko Mamobi ba a ga kalanda mai hoton hamada ba: rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, tudun yashi ya yi lumui, ga raƙumi ɗaya da mai jansa sun zama inuwa baƙa. Hoto ne mai daɗin kallo, sai dai duk wanda ya san Agadas ya san an yanke kasuwa da makaranta da rijiya daga cikinsa, an bar yashi da haske kawai, kamar babu mai rayuwa a wurin.

Dalilin wannan ja sananne ne. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta yakan ratsa iska mai kauri, shuɗin ya watse, jan ya iso ga ido. Ƙura da hayaƙi kuma sukan ƙara rina shi, kamar yadda muke gani a hazon hunturu da ke sauko mana daga Sahara har Accra. To, kyamara ba ta bambanta ƙurar hamada da hayaƙin guba.

Wannan shi ne abin da ya faru da maƙwabtanmu na Tsohuwar Fadama da filin Agbogbloshie, a gefen kogin Odaw da tafkin Korle. A shekarar 2008 ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto kan dalma da sauran guba da ta samu a ƙasar wurin, inda samari, galibinsu 'yan arewacin Ghana, suke ƙona wayoyin lantarki domin su ciro jan ƙarfe. Daga nan masu ɗaukar hoto suka yi ta tururuwa. Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya fitar da littafinsa Permanent Error a 2011, a 2018 kuma wasu 'yan Ostiriya suka yi fim mai suna Welcome to Sodom. Sannu a hankali aka saba da siffa guda: toka shimfiɗe kamar yashi, saniya a madadin raƙumi, yaro tsaye cikin hayaƙi.

Ba mu ce gubar ƙarya ce ba. Hayaƙin ya cuci ƙirjin yaranmu, kuma hotunan sun sa duniya ta waiwayo. Amma me aka bari a waje? An bar masu gyaran talabijin da kwamfuta, da kasuwar doya, da 'yan albasar da ke sauke kayan Nijar. An bar unguwar da ta cika da mutanen da suka gujo wa rikicin Konkomba da Nanumba na 1994, wadda ƙidayar 2009 ta samu kusan mutum 80,000 a cikinta. Binciken da aka yi ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya nuna cewa mafi yawan sharar lantarkin yankinmu kayan da muka yi amfani da su ne a nan gida.

Hoton da ya maida gari kufai yana da farashi, domin wurin da aka ɗauka kango ne ba a jin nauyin share shi. A watan Yuli na 2021 hukuma ta rushe filin gwangwan na Agbogbloshie, aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku, dubban mutane suka rasa wurin neman abinci, ƙonar wayar kuwa ta warwatsu zuwa wasu lunguna.

Yau kowane yaronmu yana da kyamara a aljihu. Mu koya musu tambaya uku kafin su ɗauki hoto ko su yaba shi: wa ke ciki, ya yarda, kuma me aka yanke? Su ɗauki unguwa da hantsi ma, lokacin da fuska ke fitowa sarai, ana ganin abin da hannu ke yi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin rabin abu ba ya korar komai.