Ganin Likita Bayan Rasuwa: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

In an yi rasuwa gida kan cika, a yi sadakar uku, a yi ta arba'in, sannan kowa ya kama gabansa. A lokacin ne wasu ke fara jin nauyin rashin, kuma da an ce su ga masanin halayyar ɗan Adam sai surutu ya tashi. Ga maganganun da aka fi ji da matsayin kowacce.

"Duk wanda aka yi wa rasuwa sai ya ga likita." Ba haka ba ne. Binciken George Bonanno na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya nuna yawancin mutane kan farfaɗo da taimakon dangi da abokai da imaninsu. Kusan mutum 1 cikin 10 ne baƙin cikin ke ƙi sakinsa.

"Ai sai mai taɓin hankali ke zuwa." Ƙarya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta amince da tsawaitaccen baƙin ciki a matsayin lalura mai zaman kanta: begen mamaci mai tsanani da ya haura aƙalla wata 6, ya wuce abin da al'adar mutum ta saba, har ya hana shi harkokinsa. Misali, matar da ta fita takaba tun bara amma har yau tana zuba wa marigayi abinci a kwanonsa, ko uban da ke zagaye mai nisa don kada ya bi titin da ɗansa ya yi hatsari. Hankalinsu ƙalau, zuciya ce ta kasa sauke kaya.

"Rashin tawakkali ne." Wannan ma ba ta da tushe. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma idanun Annabi Yaƙub sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf. Neman magani bai kore haƙuri ba, kuma likita ba ya hana addu'a.

"Matakan baƙin ciki 5 ne, dole a bi su a jere." Elisabeth Kübler-Ross ce ta kawo su a 1969, kuma daga hira da marasa lafiya masu jiran ajali ta samo su. Wani zai yi dariya yau, gobe ya kwana yana kuka, duk ba laifi.

"Hira ce kawai, ko a ɗirka maka ƙwaya." Tsarin tattaunawar da Katherine Shear ta fito da shi don tsawaitaccen baƙin ciki zama 16 ne. Mutum zai ba da labarin ranar rasuwar a naɗi muryarsa, ya riƙa saurare a gida har zafin ya ragu. Sannu a hankali zai koma wuraren da yake gudu, ya kuma tsara abin da yake so ya yi da rayuwarsa. Bincikenta na 2016 ya nuna ƙwayar ciwon damuwa na rage damuwar da kan biyo baya, amma tattaunawar ce ke aiki a kan baƙin cikin kansa.

"Mutum kan fito ya fi ƙarfi." Akwai ƙamshin gaskiya. Wasu kan ƙara tausayi da riƙon zumunci da sanin darajar lokaci. Sai dai ba kowa ba, kuma wannan ba ya nufin an manta da mamaci.

A Najeriya, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare sirri da mutuncin mai neman taimako. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato. Wanda kuwa ya fara tunanin hallaka kansa, kada a jira wata 6, a raka shi asibiti a ranar.