Tambarin Nijeriya: Me Yake Faɗa Wa Manomi?

Duk wanda ya riƙe takardar kuɗin naira ya riƙe tambarin Nijeriya. Ana ganinsa a ofisoshin gwamnati da kan takardun hukuma. Sai dai mutane da yawa suna ganinsa kullum, amma ba su san ma'anarsa ba.

Nijeriya ta fara amfani da tambarin a 1960, shekarar da ta sami 'yancin kai daga Turawan Ingila. Kowace alama da ke jikinsa tana da saƙo.

A tsakiya akwai baƙar garkuwa. Baƙin nan yana nufin ƙasar noma mai albarka. Farin layin da ya yi cokali mai yatsu biyu a jikin garkuwar kuwa, Kogin Kwara ne da Kogin Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lakwaja.

Fararen dawaki biyu suna riƙe da garkuwar. Suna nuna martaba. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Gumel ya san darajar doki. A sama akwai jar gaggafa, alamar ƙarfi. A ƙasa akwai ciyawa da furanni, sannan taken ƙasa da ke cikin tsarin mulkin 1999: Haɗin Kai da Imani, Zaman Lafiya da Ci Gaba.

Maƙwabciyarmu Nijar ita ma tana da nata tambarin. A jikinsa akwai rana, da mashi da takubba, da zangarniyar gero 3, da kan sa. Mai zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san geron nan, ya san shanun nan.

Ke nan ƙasashen biyu sun sa noma a zuciyar tambarinsu. Ba rijiyar mai aka zana ba, ba bene ba. Ƙasa aka zana da ruwa.

Amma ƙasar noma tana iya mutuwa. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, hamada tana matsowa, iska tana kwashe albarkar gonaki. Manomin da ya dasa itace, ya kai taki gona, ya daina ƙona daji, yana kare baƙar garkuwar nan ne.

In ka sake karɓar kuɗi a kasuwa, dubi tambarin da kyau. Gonarka ce a tsakiya.