In Babban Kamfani Ya Haɗiye Kasuwar Araha, Ina Rabon Mutumin Auyo?

A farkon watan Fabrairu na 2018 aka ba da sanarwa a Ikko, watau Legas, cewa rukunin kamfanonin Zinox, masu harhaɗa kwamfuta da sayar da ita, sun saye Konga, ɗaya daga cikin kantunan intanet biyu da suka fi suna a Nijeriya. Waɗanda suka sayar kuwa su ne manyan masu jarin kantin, watau kamfanin Naspers na Afirka ta Kudu da kamfanin Kinnevik na ƙasar Suwidin. Ba a bayyana wa jama'a kuɗin cinikin ba a lokacin, amma jaridu sun yi ta ruwaito cewa abin da aka biya bai kai ko kusa da abin da aka zuba ba, gama an zuba wa kantin fiye da dala miliyan 70 tun daga kafa shi a 2012.

Daga Ikko zuwa Auyo, a cikin masarautar Haɗejiya ta Jihar Jigawa, tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, don haka mai karatu yana iya tambaya ina ruwan manomin shinkafa na Ayama ko Gamsarka da wannan ciniki. Amsar ita ce, yau malamin makaranta a Auyo da ɗalibin Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da na Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya duk suna duba farashin waya da takalmi da fitila mai aiki da hasken rana a cikin wayoyinsu kafin su taka kasuwa. Wanda ya mallaki kantin da suke dubawa shi ne ke da ikon yanka farashi, shi ne kuma ke riƙe da sunayensu da lambobinsu. Ashe kuwa maganar ta shafe su.

Yadda jama'a suka ɗauki labarin

Ra'ayin masu sharhi ya rabu gida uku. Na farko su ne waɗanda suka yi murna, suna ganin abin alfahari ne kamfanin gida ya karɓi dukiya daga hannun baƙi. Shugaban Zinox, Leo Stan Ekeh, sananne ne ga ma'aikatan gwamnati, gama kamfaninsa na cikin waɗanda suka samar wa Hukumar Zaɓe na'urorin rajistar masu jefa ƙuri'a kafin zaɓen 2011. A wurin waɗannan, mutumin da ya san hanyoyin ƙasa da halin mutanenta ya fi mai jarin da ke zaune a Turai sanin yadda za a kai kaya lungu.

Na biyu su ne matasa masu harkar fasahar zamani, waɗanda suka ɗauki abin tamkar faɗuwar babbar kuka. Sim Shagaya, wanda ya kafa Konga, ya daɗe yana zama abin misali a gare su, sai ga shi kantin da ya gina an sayar da shi cikin rahusa. Sun tuna cewa a 2016 rahoton Kinnevik ya nuna masu saye a kai a kai a kantin kimanin 184,000 ne kawai, a ƙasar da ake ƙidaya mutanenta da miliyoyi. Sun kuma tuna cewa a shekarar ce darajar naira ta zube, tattalin arziki ya shiga halin matsi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada.

Na uku su ne ma'aikata da masu saye, waɗanda tsoro ya fi yi musu yawa. Tun a watan Nuwamba na 2017 kantin ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa, ya kuma daina tsarin nan na sai kaya sun iso hannu sa'an nan a biya. Wannan tsari kuwa shi ne ginshiƙin amana ga mutumin da bai taɓa ganin mai kanti ido da ido ba. A watan Mayu na 2018 aka haɗe Konga da Yudala, wani kanti da ɗan Leo Stan Ekeh ya kafa, aka bar sunan Konga, daga bisani kuma aka dawo da biya bayan karɓar kaya a waɗansu birane.

Abin da ya faru a Amurka

Irin wannan ciniki ya riga ya faru a wata ƙasa, har ma da tashin ƙura fiye da haka. A 2004 wani ɗan kasuwa mai suna Matt Rutledge ya buɗe wani shafi a Jihar Texas ta Amurka, ya sa masa suna Woot. Dabararsa ita ce kaya iri ɗaya tak a kowace rana, cikin araha ƙwarai, in ya ƙare ya ƙare, sai gobe. Ana kuma rubuta bayanin kayan cikin raha da ba'a, har wani lokaci a fito da aibinsa fili, abin da ya sa masu saye suka yarda da shafin, suka riƙa jiran tsakar dare don su ga abin da za a fitar.

A ƙarshen watan Yuni na 2010 kamfanin Amazon ya saye Woot a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala miliyan 110. Rutledge ya sanar da ma'aikatansa cikin wata wasiƙa ta barkwanci, aka kuma yi alkawarin shafin zai ci gaba da cin gashin kansa. Waɗansu masu saye suka yi fatan kaya za su ƙaru, jigila ta yi sauri. Waɗansu suka ce daga ranar shafin ya zama rumbun da babban kamfani zai riƙa zubar da kwantai. Cikin shekara biyu Rutledge ya bar kamfanin, a 2014 ya buɗe wani shafi mai suna Meh a bisa tsohuwar dabararsa ta kaya ɗaya a rana. Woot bai mutu ba, amma ya zama kanti mai sassa da yawa kamar sauran kantuna.

Wani kamfanin bai yi wannan sa'a ba. A shekarar 2010 ɗin dai Amazon ya shirya sayen Quidsi, mai sayar da kayan jarirai, a kan fiye da dala miliyan 500, bayan an daɗe ana gasar karya farashi tsakaninsu. A 2017 aka rufe shi. Haka nan a gida Nijeriya, DealDey, shafin rangwame da Sim Shagaya ya kafa a 2011 tun kafin Konga, ya koma hannun wani rukuni da kamfanin Ringier na ƙasar Suwizalan ke ciki a 2016, kafin shekara uku ta cika kuwa ya daina aiki.

Daga ina arahar take fitowa?

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Arahar kantin intanet tana da tushe uku. Akwai kwantai, watau kayan da masana'anta ko babban dillali ke neman rabuwa da su ko da faɗuwa ne. Akwai rashin kuɗin hayar shago da na yaran kanti. Sa'an nan akwai na uku, wanda ya fi kowanne girma kuma ya fi ɓoyuwa, watau kuɗin masu jari. Kanti yakan sayar da kaya ƙasa da yadda suka zo masa, ko ya ɗauki nauyin jigila, don kawai ya tara jama'a, da fatan in sun saba za a ci riba nan gaba.

Saboda haka babban kamfanin da ya sayi irin wannan kanti, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne jerin sunayen masu saye, da sanin abin da kowa ke so, da rumbuna da motocin jigila, da kuma amanar da aka daɗe ana ginawa. In ya ga rangwamen na jawo masa mutane, sai ya bar shi. In ya ga asara ce, sai ya janye shi sannu a hankali. Ga mai saye a Auyo ma arahar takan ƙare tun a hanya, gama in aka ɗora kuɗin kawo kaya daga Ikko zuwa Kano, daga Kano zuwa Haɗejiya, sa'an nan ya hau babur ko mota ya je ya karɓo, sau da yawa sai farashin ya yi daidai da na kasuwar Haɗejiya, inda zai taɓa kaya da hannunsa, ya taya, in ma da sanayya a ba shi bashi zuwa ƙarshen wata.

Ƙasar Haɗejiya ta taɓa ganin irin wannan

Dattawan wannan yanki ba baƙi ba ne ga labarin babban kifi ya haɗiye ƙarami. A 1920 kamfanin Lever Brothers na Ingila, masu yin sabulu, ya saye Kamfanin Neja a kan fiye da fam miliyan 8, don ya mallaki hanyar samun man ja da gyaɗa. A 1929 aka haɗe Kamfanin Neja da babban abokin gasarsa, aka kafa UAC, daga baya G.B. Ollivant ma ya koma ƙarƙashin wannan inuwa. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya ratsa ta Malam Madori, garin ya zama tashar sayen gyaɗa ta ƙasar Haɗejiya.

Layin dogo ya kawo alheri, gama ya buɗe wa manomi kasuwa, ya kuma kawo masa atamfa da gishiri da kananzir. Amma da yake kantunan Turawa da ke jere kusa da tasha da yawansu uban gidansu ɗaya ne ko da sunayensu sun bambanta, manomin da bai gamsu da awon wannan ba, ba lalle ne ya sami sauƙi a wurin wancan ba. Abin da wancan zamani ya koyar shi ne, yawan masu saye da masu sayarwa ne ke kare talaka, kuma duk sa'ad da biyu suka koma ɗaya, bakin mai tayi ya ragu.

Abin da Auyo ke da shi na sayarwa

Auyo tsohon gari ne, daga cikin mafiya daɗewa a wannan ƙasa, kuma arzikinsa yana cikin fadama. A ƙaramar hukumar ne aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya yake, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da shi, wanda kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairu na 2023 bayan an gyara shi da taimakon Bankin Duniya. Daga nan ake samun shinkafa da alkama da tumatir da albasa, ga kifin da ya sa kasuwar Haɗejiya ta yi suna har kudancin ƙasa.

To, a nan ne babbar tambaya take. Kantunan intanet, ko na gida ko na waje irin su Temu da ya shigo Nijeriya a ƙarshen 2024, an gina su ne don kaya su taso daga birni su nufi ƙauye. Hanyar da za ta ɗauki buhun shinkafa daga Gatafa ta kai shi hannun mai ci a Abuja ba tare da dillalai huɗu sun tsaya a tsakani ba, ita ce har yanzu ba ta kankama ba. Dalilan kuwa a fili suke. Gidaje da yawa ba su da lamba ko sunan titi. Tumatir ba ya jiran mota. A shekarun ambaliya irin 2018 da 2020 ruwa ya cinye gonaki ya kuma yanke hanyoyi a ƙasar Auyo, ga ciyawar kacalla da ke toshe magudanan ruwa. Kamfanin da ke lissafin riba a Ikko ba zai aiko da motarsa inda ba shi da tabbacin za ta fita ba.

Inda hukuma da jama'a ke da aiki

Lokacin da aka yi cinikin Konga, Nijeriya ba ta da cikakkiyar dokar gasa a kasuwanci. A 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda aka ɗora wa nauyin duba manyan haɗakar kamfanoni kafin a ƙulla su. A 2023 kuma aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta ba kowa ikon sanin abin da kamfani ya tara game da shi da yadda yake amfani da shi. Waɗannan dokoki makamai ne, amma sai wanda ya san da su zai ɗauka. Ya kamata ma'aikatan kasuwanci na jiha da na ƙananan hukumomi su fassara su da Hausa, su kai su gidajen rediyo da makarantu, a kuma nuna wa jama'a inda za su kai ƙara in an aiko musu da kaya marasa kyau.

Ga ma'aikaci mai jiran albashi, shawara ita ce ya haɗa kuɗin jigila da kuɗin kaya kafin ya kira abu araha, ya karanta sharaɗin mayar da kaya, kada kuma ya ajiye kuɗi masu yawa a asusun kanti, gama kanti na iya sake hannu cikin dare ɗaya. Ga ɗalibai kuwa, aikin ya fi haka girma. Su ne suka iya waya, iyayensu ne kuma ke da shinkafa. In ƙungiyoyin manoma na Auyo suka haɗa amfaninsu wuri ɗaya, suka daidaita awo da nauyin buhu, suka sami matasa masu riƙe musu lissafi da neman masu saye kai tsaye a Kano da Abuja da Ikko, to duk kamfanin da ya mallaki kasuwar intanet zai tarar da su a matsayin masu kaya, waɗanda sai an zauna da su an yi ciniki. Gwamnatin jiha kuma nata shi ne hanya mai jure damina, da rumbun ajiya, da sanya wa tituna suna, don motar da ta kawo kwalin waya Auyo kada ta koma wayam.