Shin cibiyoyin ajiye bayanai shanye koguna suke yi?

Mutanen unguwar Nasarawa a Kaduna sun san halin masana'anta. Kakuri, unguwar masaƙu, na gefensu, kuma sun ga abin da ruwan rinin masaƙu ya yi wa magudanan da ke zuba a Kogin Kaduna. Saboda haka ba laifinsu ba ne idan hankalinsu ya tashi da jin cewa cibiyoyin ajiye bayanan intanet suna shanye koguna wajen sanyaya kwamfutocinsu.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an yi mata ƙarin gishiri. Wasu cibiyoyin suna sanyaya iska ne ta hanyar barin ruwa ya bi iska ya tafi da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Wannan dabara tana rage cin lantarki sosai, musamman a busasshiyar iska irin ta hunturu, sai dai tana cin ruwa ba kaɗan ba, kuma wanda ya tashi ba ya komawa inda aka ɗebo shi. A garin da mata ke jiran mai ruwa da kurarsa, dole a tambayi daga ina za a ɗebo. Amma ba kowace cibiya ke yin haka ba. Akwai masu rufaffen bututu, ruwa ɗaya ke ta zagayawa a ciki. Wasu ma tsoma na'urorin suke yi cikin wani mai da lantarki ba ya bi ta cikinsa. Cibiyar Google da ke Hamina a Finland da ruwan teku take aiki.

Batun cewa sai ɗakin kwamfutocin ya yi sanyin firji kuwa, babu shi. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Celsius. Raba layin iska mai zafi da na mai sanyi kaɗai yana rage ɓarnar wuta.

Wanda ya fi damuna shi ne zancen wai ƙasar zafi ba ta iya riƙe irin wannan cibiya, domin yana kashe wa matasanmu gwiwa. Kamfanin Galaxy Backbone na da irinta a Abuja, kuma a 2023 aka ƙaddamar da wata a Kano. Abin da ke wahalar da injiniya a Arewa shi ne ƙurar hunturu da ke toshe matatun iska, da ɗaukewar wuta da ke sa a jingina da janareta da tsadar gas.